Wasiƙa zuwa ga aminiyata a Bronx, kan maganar furfura

Assalamu alaikum Hajiyata. Ya sanyi, ya aiki, ya maigidan da yara? Mu nan Kumasi lafiya lau alhamdulillah, sai tsadar kaya da taƙi ci taƙi cinyewa, ruwa kuma ya sauka sosai, kinsan halin Aboabo in sama ta buɗe, kwata ta cika kowa sai kwashe kaya. Inna na gaishe ki, tace tunda kika fara cin dala kika manta da mai koko.

Na saurari saƙon muryarki, nace wannan ba maganar waya bace, in muka fara data ce zata ƙare ba mu kai ko'ina ba, gara in zauna in rubuta. Wai ki rina ko ki bari kafin bikin ɗiyarki. Oh ni, mu da muka sha bulalar malam tare a makarantar allo yau mu ne ke shawarar furfura, Allah mai iko.

Bari in faɗa miki inda na tsaya tun farko, ni na daina yomo, wato baƙin rinin gashin nan. Tun kullen korona na ƙarshen Maris 2020 da aka rufe Kumasi da Accra sati uku na fara sanyi da abin, babu fita babu mai kitso, na ga ainihin kaina a madubi kuma ban mutu ba. Na ɗan koma daga baya saboda bakin mutane, amma zuciyata ta riga ta fita.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne aikin baya ƙarewa. Gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, to ki rina yau, bayan sati uku gindin ya fito fari, kuma mu masu kitso mun fi kowa shan kunya don kitso duk tsaga ne, mai kitso na jan tsinke tana tsagawa kowane layi fari tas sama kuma baƙi wuluk, ita tayi shiru ke kinyi shiru kowa ya san abin da ake ciki. Ga shirin kansa, ki kwaɓa garin a murfin kwalba, ki laɓta man kaɗanya a goshi da bayan kunne kar fata ta kama, ki ɗauko tsohon burushin haƙori kina bi layi layi, ƙeya kuma sai kin roƙi yarinya ta taya ki, ita kuma gobe duk gidan sun ji. Duk da haka sai kin ga baƙi a rigar filo da cikin hula.

Wata rana ina cikin wannan aikin na tambayi kaina wai don wa nake yi. Matan Tonawa, wato Asante, masu aikin banki a Adum tsakiyar gari ko masu zuwa coci kai a buɗe, su in sun rina na gane, kowa na ganin kansu. Mu fa? Hula, ɗankwali, mayafi a kai, ɗan na gaban goshi ne kawai ke leƙowa. Masu ganin kanmu a buɗe a duniyar nan basu da yawa, maigida, mai kitso, matan ɗakin amarya lokacin da ake ɗaurin kallabi ana leƙen juna, sai kishiya. Kuma kema kin sani ban taɓa sanin hanyar mai sayar da yomo ba sai shekarar da Alhaji ya ƙaro amarya. Shi Alhajin wallahi bai taɓa lura ba, da na rina da na bari duk ɗaya, tuwonsa kawai yake tambaya.

Shi kuwa gemunsa ya yi fari fat ana ta ce masa dattijo, ana matsa masa wuri a sahun gaba, in an yi rigima a layi shi ake kira sulhu. Dubi Kofi Annan ɗan garin nan, da furfurarsa ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya shekara 10 ana cewa kwarjini. Dubi Shehu Sharubutu babban limamin Ghana, Allah ya ƙara masa lafiya, farin gemun nan kowa haske yake gani. Amma ke mace ki bari silin uku su leƙo a wajen suna, sai wata ta jawo ki gefe murya ƙasa ƙasa, Hajiya lafiya kuwa, ko Alhaji ya daina kula ne, kin saki jikinki da yawa. Kuma mu mata ne ke faɗa wa juna, ban taɓa jin namiji ya faɗa min ba.

Sai kuma abin da ya samu maƙwabciyarmu, kin santa, mai waake ta bakin layi. Wani gari ta saya a kasuwa a ƙulle a leda babu suna babu komai, ta shafa da daddare ana gobe ɗaurin auren ƙanenta, kafin azahar fuska ta haye idanu sun rufe ruf, fatar kai na tsatstsafar ruwa, a pragya, keken nan mai ƙafa uku, aka kai ta asibiti bikin da bata gani ba kenan. Ɗiyar Yaya mai aikin nas ita ta zaunar da mu tayi mana bayani, tace akwai sinadari a yawancin baƙin rini ana ce masa PPD, shi ne kuma ake zubawa a baƙin lallen nan na zane da 'yan mata ke yi, wani jikin yana ɗauka shekara da shekaru rana ɗaya ya ƙi, in ya ƙi kuwa ya ƙi kenan har abada. Shi yasa ake cewa a ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 kafin a shafa wa kai gaba ɗaya, ki faɗa min tsakani da Allah wa kika taɓa gani tana yi? Tace a duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin kwali, kuma kar a haɗa rini da man saki rana ɗaya gashi karyewa yake.

Ta kuma kawo wani bincike da aka yi a can ƙasarku aka fitar a 2019, mata sama da dubu 46, aka ga masu rinin da baya fita sun fi samun kansar mama da kashi 9 cikin ɗari, a baƙar fata kuwa kashi 45. Ita da kanta tace kar mu tada hankali, dukansu mata ne da 'yar uwarsu ta taɓa yin cutar, kuma ba a ce rinin ne ya haddasa kai tsaye ba. To amma ni da goggona ta tafi da wannan ciwon, maganar ta zauna min.

Ta ɓangaren addini kuma na tambayi malaminmu na islamiyyar dare. Yace ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) yace a canza masa amma a nisanci baƙi, hadisin na cikin Muslim. Don haka rini da lalle babu laifi ko kaɗan, Sayyidina Abubakar ma da lalle da ganyen katam yake yi. Baƙin ne malamai suka yi saɓani, wasu makaruhi wasu haramun, wasu sun sassauta wa mace don mijinta, amma kowa ya yarda ba a yi don a yaudari mai neman aure. Tsigewa kuma an hana, yace furfurar musulmi haske ce. Nan fa aji ya yi tsit don rabinmu muna da hantsaki a jaka.

Wadda ta ƙarasa min shawara Yaya ce. Da mijinta ya rasu ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10 babu lalle babu kwalli babu turare, ranar fita da ta cire hula za a yi mata kitso kan nan ya yi fari har tsakiya, sai bakin jelar ne baƙi. Yaranta suka ce a kawo rini, tace wanda nake yi dominsa yana maƙabartar Tafo a kwance, ku aske min baƙin. Aka rage shi, aka yi mata ƙananan kitso aka shafa man kaɗanya, Hajiya in kin ganta sai kin ƙara kallo, fuskar tayi fes, kamanninta da Inna suka fito sak.

Ba wai ina zargin masu yi bane fa. Akwai wadda tun tana shekara 30 ta fara, gado ne, ita in ta rina wa zai ce mata don me. Kuma ke kin san wajen aikinki ni ban sani ba, kince masu ɗaukar aikin kula da tsofaffi suna duban ƙarfin mutum, to amma ai da hijabi kike zuwa, ta ina zasu gani?

In ni ce ke zan bari. Uwar amarya ce ke, ɗauri zaki kafa har ya rufe kunne, babu mai ganin komai. In kuma zuciyarki taƙi, kiyi lalle, amma ki sani a kan farin gashi ja yake fitowa kamar an shafa manja, sai an maimaita yake duhu, don haka ki fara tun saura sati biyu ko uku, kar kiyi aikin jajibiri. Kuma dan Allah ki gwada a bayan kunne ko da an ce miki zalla ne.

Ɗan Yaya zai taso ƙarshen wata in sha Allah, zan ba shi garin lalle mai kyau da man kaɗanya na Tamale da yajin da kika ce. Yayin bikin ma an fitar, ki turo min yadi nawa kike so ke da yara in saya kafin ya ƙare, kuɗin ki bari sai kin zo. Ki gaida maigidan da amaryarmu, kice mata ina nan zuwa da guɗata.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Aboabo