Hanyar ƙafa a tsaunin Ingila da batun Kufena

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Da na je Manchester ganin jika, surukina ya sa ni a jirgin ƙasa wata Asabar zuwa Edale, ƙauyen da ke gindin tsaunin Kinder Scout. Tsayinsa mita 636 ne. A takarda ba wani abu ba ne, amma gwiwar tsoho ta ji a jikinta, musamman a matattakalar duwatsun da suke kira Jacob's Ladder. Ga iska mai yanka kunne, ga yayyafi yana zuwa yana ɗaukewa. A bayan wata katangar dutse na yi azahar, tumaki sun tsaya suna kallona.

Hanyar ce ta sa na ɗauki biro. Ta tsakiyar makiyayar mutane ta ratsa. Za ka iske 'yar ƙofar katako da kibiya ruwan ɗorawa a jikinta, ka buɗe, ka wuce, ka mayar ka rufe don kada dabba ta fita. Mai gona ba ya da ikon tare ka, doka ce ta ba ka hanyar. Burtali ne dai, sai dai nasu ba wanda ya nome shi.

Kuma ba kyauta suka samu ba. A da attajirai sun killace tsaunin don harbin tsuntsaye. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau shi da gangan, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya.

To mu ga Kufena nan a bayan Wusasa, da ragowar tsohuwar ganuwa a gindinsa, abin da Kinder Scout ba ya da shi. Amma baƙo in ya zo sai ya yi ta tambayar yara ta ina ake hawa. Roƙona ga Masarautar Zazzau da masana kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne a shata hanyar hawa tun kafin gine-gine su toshe ta, a kafa alluna da Hausa, a koya wa samarin unguwar tarihin wurin su riƙa yi wa baƙi jagora ana sallamarsu. In an tashi aikin gayya a kira ni, ko ruwan sha na raba wa masu aiki.

Wassalam,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.