A riƙa gwada laftof kafin a yarda da ita

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu sayen laftof, musamman ta hannu. Mutum zai kunna ya ga Windows ta buɗe sai ya ce shi ke nan, alhali sai an ɗora mata aiki mai nauyi ake gane lafiyarta. Ni dai caja nake sawa, in buɗe manhajar HWiNFO ina duba zafi, sai in kunna Cinebench ko Prime95, manhajojin da ke ɗora wa laftof aiki mai nauyi, kamar minti 30. In zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, na tsakanin digiri 70 da 85 na salshiyos ba damuwa, amma in ya haura 95 ya kama hanyar 100 za ka ga ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone, wata ma ɗif take mutuwa. Tawa haka ta yi min ana tsakiyar aiki, raina ya ɓaci sosai, ashe ƙura ce ta toshe fanka kuma man da ke kan furosesa ya bushe, ana canzawa zafin ya sauka. Kuma kar a gwada a kan katifa, iska ba ta shiga ta ƙasa. RAM kuwa, wato ma'adanar wucin gadi ta laftof, da manhajar MemTest86 ake gwada ta, gwajin kam yana cin awanni.

Na gode,
Mai karanta jaridarku