A Riƙa Faɗa Wa Yaranmu Inda Wasanninsu Suka Cije

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wasannin kwamfuta da matasanmu suka fara haɗawa da hannunsu, da kuma irin abin da muke faɗa musu idan sun miƙo mana mu gwada. Ni malamin lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani wasa da ɗan ƙanwata ya haɗa tare da abokinsa.

Akwai gasanni da ake yi a duniya inda ake ba mutane kwana biyu ko uku su haɗa wasa tun daga tushe. Ludum Dare tana gudana tun 2002, Global Game Jam kuma ta fara a 2009, ana yin ta duk watan Janairu. A Ludum Dare, mai aiki shi kaɗai awa 48 ake ba shi, 'yan ƙungiya kuma awa 72. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne abin da ke biyo bayan rufe gasar: waɗanda suka shiga su ne ke buga wasannin juna suna ba da maki, kuma wasa ba ya shiga jerin sakamako sai aƙalla mutum 20 sun auna shi. Ka ga ke nan dole ka saurari baƙon da bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, ba ya kuma jin nauyinka.

Irin wannan gasa yaron ya shiga daga ɗakinsa, ya kuma gina wasansa a kan ƙofofin lojik, darasin da nake koyarwa a aji. Ƙofar lojik 'yar ƙaramar da'irar lantarki ce da ke duba wayoyin da suka shigo mata, ta yanke ko ta saki wuta ko ta hana. AND ba ta saki sai duk wayoyin suna ɗauke da wuta. OR ko guda ɗaya ta ishe ta. NOT kuwa juya abin da aka ba ta take yi. George Boole na Ingila ne ya shimfiɗa wannan lissafi, ya kammala bayaninsa a 1854, sannan a 1937 Claude Shannon, yana ɗalibi a Amurka, ya nuna cewa ana iya aiwatar da shi da makunnan lantarki. Wayar da ke aljihunka, Malam Edita, da irin waɗannan ƙofofi take tunani. A wasan, makunnai suna hagu, ƙwan fitila yana dama, kai kuma ka jawo ƙofofi ka haɗa waya har ƙwan ya kama.

Da ya nuna wa 'yan gida da abokai, amsa ɗaya ya samu: Masha Allah, Allah ya ƙara basira. Addu'a ce mai kyau, ni ma na yi masa ita, kuma ina fatan Allah ya karɓa. Amma cikin duk waɗanda suka yi masa ita babu wanda ya wuce mataki na uku, babu kuma wanda ya faɗa masa haka. Sun ajiye wayar cikin ladabi, sun yaba, sun tafi.

Baƙin da suka buga wasan a gasar ba su yi masa wannan kara ba. Wanda ya fi ƙona masa rai wani ne da ya ce ya cinye matakai da yawa ba tare da ya fahimci komai ba. Ya bayyana yadda ya yi: wasan yana karɓar da'ira muddin ƙwan ya kama sau ɗaya, don haka sai ya riƙa ɗaukar NOT yana manna ta a makunnin da ke kashe, ya ja waya zuwa ƙwan, a ce masa ya ci. Yaron ya zo mini ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, ai wannan maguɗi ya yi." Na ce masa ba maguɗi ba ne, ƙofa ya samu a buɗe ya shiga, kuma wannan mutum ya nuna maka ainihin abin da ake kira da'ira mai aiki. Da'ira ba ta cika daidai don ta ba da amsa sau ɗaya. Sai ta ba da amsar da ake so a kowane hali da makunnai za su iya kasancewa. Makunni biyu hali huɗu gare su, uku hali takwas, huɗu hali goma sha shida. Shi ne jadawalin da muke sa ɗalibai su zana a littafi kafin su taɓa waya. Gyaran da ya yi daga baya shi ne, idan ka ce ka gama, wasan da kansa zai riƙa kunna makunnai yana kashewa a gabanka, layi bayan layi, ya tsaya cak a layin da da'irarka ta saɓa. Wannan gyara guda ya mayar da wasan daga latse-latse zuwa abin da ke koyarwa, kuma daga bakin wanda aka so a kira mai maguɗi ya fito.

Wani ya ce ba ya iya bambance waya mai wuta da marar wuta, domin an yi ɗaya kore ɗaya ja, shi kuma idonsa ba ya raba launukan biyu. Matsala ce da ta fi yawa a maza, kuma a aikin lantarki ba abin wasa ba ce. Aka sa ɗigo-ɗigo masu tafiya a kan waya mai wuta. Wata kuma ta ce a fuskar waya AND da NAND, wato AND ɗin da aka juya amsarta, duk ɗaya take ganinsu, tunda ɗan zoben da ke bakin NAND ne kawai ya bambanta su, shi kuma bai kai ƙwayar gero ba. Aka rubuta sunan kowace ƙofa a cikinta. Waɗannan ba su ci lokaci ba.

Inda aka daɗe ana ja shi ne mataki na biyar. An ce ka gina XOR da ƙofofin NAND kaɗai. XOR ita ce ke sakin wuta idan wayoyinta biyu suka saɓa wa juna, kuma duk mai aikin wayarin ya san halinta ko bai san sunanta ba, domin ita ce fitilar matakalar bene da ake kunnawa a ƙasa a kashe a sama. Mutane da dama suka ce a nan suka tsaya, wasu suka ce a cire matakin baki ɗaya. A nan nake so matasa masu haɗa wasa su buɗe kunne. Wanda ya buga wasanka ya ce maka a wuri kaza na cije, ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin shi ya ji a jikinsa. Amma idan ya ce ga maganin, ka auna kafin ka karɓa, domin bai san abin da kake son ginawa ba. Cire wannan mataki cire zuciyar wasan ne. Abin mamakin NAND shi ne da ita kaɗai ana iya gina kowace ƙofa. Ka haɗa wayoyinta biyu wuri ɗaya, ta zama NOT. Guda biyu su ba ka AND, uku su ba ka OR, huɗu su ba ka XOR. Yaron ya tsallake matakala uku ya jefa mutane a ta huɗu, don shi ya riga ya sani, ya manta ranar da bai sani ba. Da ya saka waɗancan ukun a gaba, matakin da aka ce a cire bai canja ko kaɗan ba, amma ɗalibaina da suka bi ta sabuwar hanyar sun haye shi.

Na kai wasan aji, na kuma kafa wa yaron sharaɗi ɗaya: ya zauna a baya, ya yi shiru, kada ya taimaki kowa. Wata ɗaliba ta ɗora yatsa a kan ƙwan fitilar ta ja zuwa hagu, wajen ƙofar. Babu abin da ya faru. Ta sake, ta danna da ƙarfi, ta goge fuskar wayar da gefen hijabinta ta sake ja. Sai ta juya ta miƙa wa ta kusa da ita, ta ce a hankali, "Ni ban iya ba." Ta iya. Daga ƙarshe take tunani zuwa farko, tana tambayar kanta me ƙwan nan yake bukata kafin ya kama, kuma haka ƙwararrun masu gyara suke bin da'ira. Wasan ne bai yarda a ja waya sai daga hagu zuwa dama ba. Da an tambaye ta ra'ayinta a ƙarshe, na tabbata cewa za ta yi ya yi kyau, ta koma gida tana ganin kanta ne bai ja. Wannan shi ya fi damuna, Malam Edita. Idan muka yi shiru a kan aibin abu, ba mai abin kaɗai muka cuta ba, har da wanda zai ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma wanda ya ce wasan ya sandare masa gaba ɗaya da ya ɗauki wayar da ta fito daga NOT ya mayar da ita cikin bakinta. Kwamfutar ta shiga lissafin da ba shi da ƙarshe: in akwai wuta babu, in babu akwai. Yaron ya so ya hana irin wannan haɗi kawai ya huta. Na ɗauko allon gwaji da aisi mai lamba 7400, wato 'yar ƙaramar na'urar lantarki da aka dunƙule ƙofofi a ciki, wadda ke da ƙafa 14 da NAND huɗu a cikinta, na haɗa biyu daga ciki, wayar kowace ta koma bakin 'yar'uwarta. Na taɓa waya ɗaya, fitila ta kama, na ɗauke hannu, ta ci gaba da ci. Na taɓa ɗayar, ta mutu, ta zauna a mace. Da'irar ta riƙe abin da aka faɗa mata. Daga nan ƙwaƙwalwar kwamfuta take farawa. Yaron ya daɗe yana kallon fitilar, sannan ya ce a nan kashi na biyu na wasan zai soma.

Ban ce duk abin da aka faɗa masa zinariya ne ba. Wani da alama injiniya ne ya ce wasan ya yi sauƙi har ya gundure shi, alhali wasu suna kukan wuya. Ba za a gamsar da su duka ba, kuma mai wasa ne zai yanke wa yake yi wa. Shi ya zaɓi ɗalibin da bai taɓa jin sunan AND ba, ni kuma ina ganin ya zaɓi daidai. Akwai kuma wanda ya yi baƙar magana kawai ya wuce, ba tare da ya nuna wuri ko dalili ba. Wannan babu abin ɗauka a wurinsa.

Mu Hausawa muna da kara da kunya, kuma ba na son mu rabu da su. Amma mu ne kuma muka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da aka haɗa cikin kwana biyu ko uku, da ƙarancin barci, ga ɗauke wuta, ga tsadar data, ba a sa ran ya fito cikakke. Wasan nan da ya shahara, Baba Is You, wanda Arvi Teikari ɗan ƙasar Finland ya yi, a irin wannan gasa aka fara shi a 2017, bai fito kasuwa ba sai 2019. Tsakanin waɗannan shekaru biyu aiki ne da gwaji da gyara. Yaranmu ba su gaza kowa basira ba. Abin da suka rasa shi ne mutanen kusa da za su zauna da wasan har ya gagare su, sannan su faɗi daidai wurin da ya gagara da abin da suke ƙoƙarin yi a lokacin. Ba sai ka san lantarki ba. Wanda bai sani ba ma ya fi amfani, domin shi ne zai faɗa ramin da masani ya saba tsallakewa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda za a ɗauki wasa ko manhaja da wani matashinmu ya haɗa, wani ya gwada da gaske ya rubuta abin da ya gani, da Hausa, da adalci, da sunan matakin da ya tsaya. Malamai 'yan'uwana kuma, idan ɗalibi ya kawo muku irin wannan aiki, ku ba shi minti ashirin na darasi, ku zaunar da shi a baya ya kalli yadda 'yan ajinsu ke fama da abin da ya haɗa. Idan aka buɗe gurbin, ni da ɗalibaina a shirye muke mu karɓi wasa na farko mu gwada.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Malamin lantarki, daga Zariya