Tsofaffin Kwalaben Lemo da na Magani: Tarihin Jos da Ke Ƙarewa a Bola

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu karatu, musamman mutanen Jos da kewaye, ga wani abu da ake zubarwa kullum ba tare da an waiwaye shi ba, wato tsofaffin kwalaben lemo da na magani. Na daɗe ina tara su, kuma na san irin kallon da ake yi wa mai wannan sha'awa: wasu su ce rashin aikin yi ne, wasu kuma su yi zaton akwai wani Bature a ɓoye da ke saye da dala. Dalilina shi ne, kwalba shaida ce ta abin da mutanen gari suka sha, da cutar da ta dame su, da hanyar da kaya suka bi kafin su iso hannunsu, kuma shaida ce da ta fi takarda jure wa ruwa da gara.

Jos ta fi garuruwa da yawa cancantar a yi wannan magana a kanta, domin haƙar kuza ce ta raya ta, kuma kuza ta jawo kayan kanti tun da wuri. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, sannan babban layin dogo ya shigo Jos ta Kafanchan a 1927, kuma taragon da ya sauka da buhunan kuza ba ya dawowa wayam. Yana hawowa da kayan kamfanoni irin su UAC da John Holt, da akwatunan magani na asibitocin mishan kamar na Vom da aka buɗe a 1922, da kayan aikin cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ta zauna a Vom tun 1924, wadda ƙananan kwalaben allurar rigakafinta suka zagaya rugagen Fulani a duk faɗin Arewa. Kowane barikin ma'aikatan kuza, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, yana da jujinsa a bayan gidaje, kuma abin da ya ruɓe a waɗannan jujin ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, amma gilashi yana nan.

Wanda ya iya duba kwalba zai ga cewa tana ɗauke da shekarunta a jikinta. Abu na farko da ake dubawa shi ne siririn layin da ke gefenta, wanda ya samu a inda ɓari biyu na ƙarfen zubi suka haɗu. Idan layin ya hau ya tsaya a wuya, bakin kuma ya zamana an gyara shi daban, to mutum ne ya hura ta da bakinsa ya ƙarasa ta da hannu, kuma sau da yawa za a ga ƴan kumfa a cikin gilashin, kaurinsa ma bai zama ɗaya ba. Idan kuwa layin ya wuce har saman baki, aikin inji ne, kuma injin da ke ƙera kwalba shi kaɗai bai samu ba sai a 1903, lokacin da Michael Owens ya fito da shi a Amurka. Marfin ƙarfe mai haƙora da muka saba gani a kan lemo, wanda yara ke tarawa suna wasan ƙwallo da shi a ƙasa, William Painter ne ya yi masa rajista a 1892. Kafin ya yaɗu, a Ingila da ƙasashen da ta mallaka an yi amfani da wata kwalba mai ban sha'awa da Hiram Codd ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1870, wadda ke da ƙwallon gilashi a cikin wuyanta. Ƙarfin iskar gas ɗin lemon ne ke tura ƙwallon ya manne da zoben roba ya toshe bakin, mai sha kuma ya danna shi ciki. Yara sun farfasa yawancinsu domin su ciro ƙwallon, shi ya sa suka yi wuyar samu, duk da cewa har yanzu ana sayar da lemo a irinsu a Indiya da Japan. Haka kuma farin gilashin da ya rikiɗe ya yi ruwan shunayya bayan ya daɗe a rana yakan nuna an sa masa sinadarin manganis, wanda aka fi amfani da shi daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai dai a yi hattara, waɗannan alamu suna faɗin lokacin da abu ya fara ne kawai, domin tsohuwar hanya kan ci gaba shekaru da yawa bayan sabuwa ta fito.

Kwalaben lemon da aka cika a ƙasarmu ba su kai waɗancan tsufa ba, amma su ne suka fi kusa da zuciyar mai karatu. An kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a 1951, ya fara cika Coca-Cola a Legas a 1953, ya ƙara da Fanta a 1960, kuma kamfanin Seven-Up ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1960, ranar da Nijeriya ta samu mulkin kai. Bayan waɗannan manya, akwai sunayen da suka yi tashe a shagunan tireda da gidajen biki suka kuma ɓace, irin su Crush da Gold Spot da Tandi da Afri-Cola, waɗanda yaron da aka haifa a zamanin lemon roba bai taɓa gani ba. A cikin abin da na tara akwai wata kwalbar lemo mai kauri wadda aka buga sunanta da fenti a jikin gilashi, fentin ya koɗe ta gefe ɗaya, kuma a kafaɗarta da gindinta akwai farin zobe mai kaushi da ya zagaye ta. Wannan zobe ba lahani ba ne. Gurzar da ta sha ce a wurin wanki da cikawa, inda kwalabe ke tafiya a jere suna gugar juna, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon yawan zuwanta kamfani da dawowarta. A wancan zamani kwalba dukiyar kamfani ce, mai shago ba ya barin a fita da ita sai an ajiye kuɗin kwalba, kuma motar kamfani ba ta sauke kiret sai an ba ta wani kiret na wofi. Tsari ne da ya hana titunanmu cika da shara tun kafin a fara taron ƙara wa juna sani a kan muhalli, kuma duk wanda ya ga yadda robobi ke toshe magudanan ruwa a Jos da damina zai yarda cewa ba kowane sauyi ne ci gaba ba.

Muna kuma da namu alamomin na gida da littattafan Turawa ba za su faɗa wa mai tarawa ba. Takardar da ke ɗauke da farashi a sule da kwabo na zamanin fam ta riga 1973, shekarar da aka fara kashe naira. Awon da aka rubuta da oza ya riga wanda aka rubuta da santilita, domin a shekarun 1970 ƙasar ta koma sabon tsarin awo. Adireshin da ya ce Jihar Binuwai da Filato yana tsakanin 1967 da 1976, wanda ya ce Jihar Filato kuma daga 1976 ne zuwa sama. Lambar rajistar NAFDAC ba za ta bayyana a kan abin da ya riga 1993 ba, tunda a shekarar aka kafa hukumar. A gindin kwalabe da dama kuma akwai tambarin masana'antar gilashin da lambobi, waɗanda a wasu lokuta biyu daga cikinsu shekarar ƙira ce.

Kwalaben magani sun fi na lemo yawan labari, kuma sun fi su haɗari. Dattawanmu sun san shuɗiyar kwalbar Milk of Magnesia, da ta Woodward's Gripe Water da ake ɗura wa jarirai, da ta man kifi na Scott's Emulsion mai hoton mutum goye da ƙaton kifi, da ƴan ƙwayoyin M&B 693 da kamfanin May & Baker ya fitar a 1938, waɗanda suka ceci mutane da yawa daga ciwon huhu kafin fenisilin ya wadata. Amma wadda ta fi burge ni ba ta da sunan kamfani ko kaɗan. Wata ƴar siririya ce mai faɗi, da na samu a adakar wata gwaggona bayan rasuwarta, an yi mata ƴan layuka a jiki daga sama zuwa ƙasa, kowane layi yana nufin cokali ɗaya, domin mara lafiyar da bai iya karatu ba ya san inda zai tsaya. A wancan lokaci mutum kan tafi disfensari da kwalbarsa a hannu, malamin asibiti ya haɗa ruwan magani ya zuba masa, ya liƙa takarda, ya ce a girgiza kafin a sha. Akwai kuma kwalaben guba, galibi shuɗaye ko koraye, masu kusurwa shida da tsaga-tsaga a jiki, waɗanda aka ƙera haka da gangan domin wanda ya lalubo su cikin duhu ya gane da yatsunsa cewa ba na sha ba ne. A gidajen da aci-balbal ce fitila, wannan dabara ta yi aiki fiye da kowane rubutu.

A nan ne nake so in yi gargaɗi. Duk wanda ya tsinci tsohuwar kwalbar magani da sauran wani abu a ciki, kada ya ɗanɗana, kada ya shinshina, kada kuma ya wanke ta ya zuba zuma ko man gyaɗa. Karin maganar da ke cewa da tsohuwar zuma ake magani ba ta shafi abin da ya shekara hamsin a kwalba ba, kuma wasu magungunan da na da sinadarai irin su zaiba da aka daina ba mutane saboda illarsu. A sa safar hannu, a ajiye ta inda yara ba za su kai ba.

Hanyoyin da waɗannan kwalabe ke bi su ɓace ba ɓoyayyu ba ne, kuma ban ga laifin kowa a ciki ba. Mu mutane ne da ba ma barin kwalba ta huta: mai soyayyar gyaɗa na nemanta, mai manja da mai kananzir da ita suke awo, mai maganin gargajiya na jiƙa saiwoyinsa a ciki, wadda ta fashe kuma a dasa ta a kan katanga saboda ɓarayi. Ƴan jari-bola suna tara ragowar a buhu a kai masana'antun gilashi a narka, kuma tun da daɗewa Masaga na Bida ke narka kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro. Duk wannan sana'a ce ta halal. Abin takaicin shi ne, mai auna buhu ba ruwansa da ko kwalba ta shekara biyu ce ko ta shekara tamanin. Na taɓa iske an rushe wani tsohon shagon magani ana shirin ɗora bene, leburori sun ciro kwalabe masu toshin ɓawon itace cike da baro, kuma kafin in yi magana da mai aikin an riga an juye su a ramin harsashin ginin an bi su da kankare. Gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002 da rikice-rikicen da suka raba mutane da gidajensu su ma sun tafi da abubuwa da yawa da ke cikin adakoki da shaguna.

Ga ƴan'uwana masu tarawa, ƙorafina a kanmu shi ne mun fi kula da kyan kwalba fiye da labarinta. Kwalbar da aka goge ta yi ƙyalli, aka kankare takardarta, aka jera ta a kabad ba tare da an rubuta inda aka samo ta ba, ta rasa mafi yawan amfaninta ga mai bincike. Ya kamata kowace ta samu ƴar takarda da ke faɗin unguwa ko barikin da ta fito, da ranar da aka same ta, da abin da mai ita ya ce ana yi da ita. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa wanki, kuma wadda ke da takarda a jiki gara a bar ta da ƙurarta. Kada kuma sha'awa ta kai mutum ga tona tsofaffin kufai ko gefen tafkunan kuza, domin tafkunan sun ci rayuka da yawa, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙar kayan tarihi ba da izini ba, balle a ƙasa irin tamu da kuskuren diga ɗaya zai iya farfasa abin da ya shekara dubu biyu.

Roƙona na ƙarshe ga gidan tarihi na Jos ne, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, a lokacin da masu haƙar kuza ke tono gumakan yumɓu na Nok. Gidan ya riga ya nuna cewa tarihi bai tsaya ga abin da ya yi dubban shekaru ba, tunda ya adana kan jirgin ƙasan da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Bukuru har zuwa rufe layin a 1957, ga kuma zauren tukwane da aka tattaro daga sassan ƙasar nan. Kwalba ita ce ta gaji tulu da gora a gidajenmu, saboda haka kabad ɗaya ko biyu a kusa da tukwanen ba zai zama baƙon abu ba. Idan gidan ya sanar cewa yana karɓa, na tabbata iyalai da dama za su kawo abin da ke ɗakunansu kyauta, ni ma a shirye nake in ba da nawa tare da bayanan da na rubuta. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Jos kuma suna iya zama da tsofaffin malaman asibiti, da masu kyamis na da, da direbobin da suka yi rabon lemo zuwa Pankshin da Shendam, su naɗi bayaninsu tun suna da rai, domin su ne za su iya cewa wannan kwalba nawa ake sayar da ita, kuma wane ne ke iya saye.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu,
Unguwar Rogo, Jos.