Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bari in fara da abin da aka fi tsare ni da tambaya a kai, wato sola da na'urar intanet na ɗakin karatun ƙungiyarmu ta ɗalibai da ke Kawo, Kaduna. Ba a saka ba. Ba kuma sakacin kwamiti ba ne, kuɗin ne ba su taru ba. Mun shiga kasuwa mun yi ciniki, muka tarar batir kaɗai ya fi ƙarfin abin da ke asusu. Ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, sai ɗan abin da muke warewa na data ya daina kai mu ƙarshen wata. Littafin ma'aji yana nan ga mai son dubawa.

An yi tarukan wata-wata, in ban da na watan azumi.

Abin da ya faranta mana rai shi ne horon yini guda da muka shirya wa sababbin ɗaliban NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, da na sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Tun da hantsi ɗaki ya cika, har da masu zuwa daga Rigasa da Sabon Tasha. An koya musu rajistar kwasa-kwasai, da sauke littattafai a waya don karantawa ko babu data, da yadda ake amsa TMA, wato gwajin da ɗalibi ke yi a intanet kafin jarrabawa. Da yawa ba su san cewa a NOUN TMA na ɗauke da maki 30 cikin 100 ba, suna barin ta har a rufe shafi. Wata baiwar Allah, malamar firamare, da goyo a bayanta, ta manta kalmar sirrinta tun da ta yi rajista. A gabanmu aka buɗe mata shafinta, ta amsa tambayoyin da kanta, makinta ya fito nan take. Mata suka rangaɗa guɗa. Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo kwamfutocinsu da wanda ya zuba wa janareta mai daga aljihunsa.

Sai dai fuskokin da suka share ɗaki ranar su ne dai na kullum. Akwai waɗanda ba a jin ɗuriyarsu a zaurenmu na WhatsApp sai jarrabawa ta matso, su nemi tsofaffin tambayoyi, su sake ɓacewa. In na kira kan kuɗin wata, sai a ce "gobe". Ni ma ɗalibi ne, ina da nawa TMA ɗin.

Duk mai bashi ya ga ma'aji kafin taro na gaba, domin a nan za a yanke ko a fara da batir ɗaya ko a jira.

Sakatare