Ƙuri'ata ba ta zube ba, ku gaya wa baƙonku

Assalamu alaikum Malam Edita,

Tun daren Asabar maganar baƙon nan naku take ci min rai, na yi ta cewa bari in bar ta ta wuce amma abin ya ƙi, sai da maiɗakina ta ce to ka rubuta musu mana ka huta. Mutum ya zauna a situdiyo yana maimaitawa har sau uku wai duk wanda ya bar jam'iyyar Conservative ta Birtaniya ya jefa wa ƙaramar jam'iyya ko indifenda to ya zubar da ƙuri'arsa ne kawai, kuma mai gabatarwa yana ta haka ne, haka ne, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Haba Malam Edita. Ni ne wanda yake magana a kai, ni da irina, kuma ƙuri'ata ba ta zube ba.

Ni ɗan Kano ne, sama da shekara ashirin ina Ingila, ina da ɗan shago na kayan abincinmu, doya da manja da gari da kubewa busasshiya da daddawa, da firiza uku na nama da kifi. Tun 2010 'yan Conservative nake zaɓa, 2015 su, 2017 su, 2019 ma su. A masallaci har suna aka sa min, in na shigo sai a ce ga ɗan mazan jiya nan, don kusan kowa a cikin 'yan uwa jam'iyyar Leba yake yi. Ban taɓa jin kunya ba don na san dalilina. Mai shago yana son a rage masa haraji, a bar shi ya nemi halal ɗinsa, yana son doka ta yi aiki, yaro ya ji maganar malami, iyali ya zama iyali, wanda ya tashi da asuba ya ga bambanci tsakaninsa da wanda ya kwana har hantsi. Tarbiyyar da muka taso da ita ke nan a gida, da na ji wata jam'iyya tana faɗin irin wannan sai na ce to waɗannan su ne nawa. Har takardunsu na taɓa rabawa gida gida a cikin ruwan sama, babu wanda ya ba ni ko kwabo.

To me na samu? Lokacin kullen korona wani dattijo ya rasu a garinmu nan, mutumin Katsina, shi ne ya sauke ni a ɗakinsa wata biyu lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Doka ta ce mutane kaɗan ne za su shiga maƙabarta, 'ya'yansa ne suka shiga da liman. Ni a wurin ajiye motoci na tsaya, ina hango su ta tsakanin ƙarfen shinge, na ɗaga hannu na yi masa addu'a ni kaɗai na koma mota, ko gidan gaisuwa ba a zauna ba. Mun bi doka don an ce rai ake karewa kuma mun yarda. Sai daga baya ta fito fili ashe a Downing Street, gida da ofishin firaminista, shagali ake yi ana shaye shaye, har a daren jajibirin jana'izar mijin Sarauniya a Afrilun 2021, matar nan tsohuwa ta zauna ita kaɗai a coci duniya tana kallo. 'Yan sanda sun rubuta tara 126 a kan wannan lamari, har da shi firaminista Boris Johnson. Baƙonku bai ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya, shi dai lissafin kujeru yake yi kamar mu ba mutane ba ne masu zuciya.

Sannan aka zo 2022. Liz Truss kwana 49 ta yi a kan kujerar firaminista, a cikin kwanakin nan aka karanta ɗan bajet ɗin nan na 23 ga Satumba, fam ta faɗi, bankuna suka janye rancen gida da suke bayarwa suka dawo da shi da tsada. A Oktoban shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 11 cikin ɗari. Ni yarjejeniyar bashin gidana ta ƙare bayan nan da 'yan watanni, na je sabuntawa, yarinyar da ke banki ta juyo min da fuskar kwamfuta ta nuna min sabon adadin da zan riƙa biya duk wata, wallahi sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa. Ga kuɗin wuta na firiza uku, ƙarshe ɗaya na kashe na tura shi bayan shago, yana nan har yau an ɗora kwalayen indomi a kai. Yaron da yake taya ni aiki ranar Asabar na sallame shi ina ba shi haƙuri. Kuma waɗannan fa su ne kullum suke ce mana su ne suka iya riƙon tattalin arziki, Leba ce mai ɓarnar kuɗi. Harajin da suka ce za su rage kuwa, tun 2021 suka daskarar da adadin da ba a cire wa haraji a kan fam 12,570, kaya suna tashi, albashi yana ɗan motsawa, gwamnati tana ƙara kwasa a ɓoye ba tare da ta ce ta ƙara komai ba. Firaminista biyar a shekara 14, uku daga ciki a shekara ɗaya. In yaron shagona ne ya yi min irin wannan riƙon ai ba zai kai sati ba.

Akwai maƙwabcina Bature, mai gyaran famfo ne, shekara goma sha muna katanga ɗaya, da salla ina aika masa nama, da Kirsimeti matarsa tana kawo wa yarana alewa. Shi ma tun yana saurayi Conservative yake yi, ubansa ma haka. Ana saura sati biyu zaɓen 2024 na fito da safe sai na ga fosta mai ruwan shuɗi shuɗi ta jam'iyyar Reform a tagarsa, gabana ya faɗi, don na san abin da jagoranta Nigel Farage yake faɗa a kan baƙi. Na ce masa kai ma? Ya ajiye akwatin kayan aikinsa a kan katanga ya ce min shi an gaji da yi masa ƙarya ne, tun zamanin firaminista Cameron ake ce masa za a rage masu shigowa zuwa dubu gomomi a shekara, sai ga shi ya ji an haura dubu ɗari bakwai, an kashe ɗaruruwan miliyoyi a kan shirin kai masu neman mafaka Ruwanda ba a kai kowa da ƙarfi ba, uwarsa kuma ta kwana a kan kujera a asibiti tana jiran gado. Ban yarda da rabin abin da ya faɗa ba kuma na gaya masa a fuskarsa, na ce masa wadda ta duba mahaifiyarka a daren nan wataƙila 'yar ƙasarmu ce. Ya yi shiru ya ce ya sani. Amma Malam Edita ka duba, ni da shi ba abu ɗaya muke so ba ko kaɗan, shi yana so a rufe ƙofa ni ina so a bar mutum ya kawo matarsa, amma jam'iyya ɗaya ta yi mana alkawari mu biyu kuma ta saɓa mana mu biyu. Shi aka ce masa za a rage ba a rage ba, mu kuma da suka ga zaɓe ya matso sai suka huce a kanmu, suka hana ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, suka ɗaga kuɗin da sai kana samunsa za ka kawo matarka daga fam 18,600 zuwa 29,000. Akwai yara 'yan arewa a nan da matansu suke Kaduna da Zariya suna jira saboda wannan.

Da masu yawon kamfe na Conservative suka ƙwanƙwasa min ƙofa abu ɗaya suka iya faɗa, in ba ka zaɓe mu ba Starmer na Leba ka zaɓa. Babu ga abin da muka yi, babu ku yi haƙuri mun yi kuskure, tsoratarwa kawai. Irin maganar da baƙonku ya zo yana yi ke nan, ita ce dai aka sa mata riga ta masana. Kuma wannan maganar ce take sa babbar jam'iyya ta raina mutanenta, don ta san ko me ta yi za ka dawo, ina za ka je?

Ni ban bi Reform ba kuma ba zan bi ba. Mutumin da aka dakatar daga Conservative saboda ya ce masu tsattsauran ra'ayin Musulunci ne suke juya magajin garin Landan Sadiq Khan, Lee Anderson, su ne suka karɓe shi hannu biyu. 'Yar majalisarsu tana shiga zauren a 2025 abin da ta fara tambayar firaminista shi ne ko zai hana sa burƙa, har shugaban jam'iyyar na lokacin Zia Yusuf, wanda Musulmi ne, ya ajiye muƙami a fusace, kwana biyu ya dawo jam'iyyar. Ina da 'ya'ya mata, ba zan sa hannuna a nan ba. Wata mata indifenda na zaɓa a mazaɓarmu, ta zo shagona da ƙafarta ta tsaya ta saurare ni kusan minti ashirin, ta yi maganar kuɗin wutar ƙananan shaguna ta yi maganar a tsagaita wuta a Gaza ba ta yi kwana kwana ba. Ba ta ci ba. Na san ba za ta ci ba tun kafin in shiga rumfar. Amma ɗan majalisar da na zaɓa sau huɗu ya faɗi a daren, kuma na kwanta na yi barci lafiya lau.

Na san lissafin da baƙonku yake taƙama da shi, ai ba shi kaɗai ya iya karatu ba. Mazaɓu 650, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ne shi ya kwashe. Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4 ta tashi da kujera 5, Liberal Democrats da ba su kai su ƙuri'a ba suka tashi da 72, Leba da kusan kashi 34 cikin ɗari ta kwashe sama da 400. Tsarin ne haka kuma ni ma ban ce adalci ne ba. Amma ya gaya min, jam'iyyar da ta tashi daga kujera 365 a 2019 ta dawo 121, mafi muni a tarihinta, wa ya yi mata wannan in ba waɗanda yake cewa sun zubar da ƙuri'a ba? Ita kanta Liz Truss kujerarta ta tafi. UKIP, jam'iyyar da take neman a fice daga Tarayyar Turai, a 2015 ƙuri'a kusan miliyan 4 ta samu da kujera ɗaya tal, amma tsoronta ne ya sa Cameron ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama, ga shi yau Birtaniya ba ta cikin Tarayyar Turai, ko kana so ko ba ka so ƙaramar jam'iyya ce ta tura babba. A Leicester ta Kudu indifenda Shockat Adam ya kayar da babban jigon Leba da ƙuri'a ƙasa da dubu. A zaɓen cike gurbi na Runcorn a watan Mayun 2025 ƙuri'a shida ce ta raba, shida fa, mutanen gida ɗaya. Kuma mu 'yan Kano za a koya wa wannan? PRP ɗin Malam Aminu a 1979 ai ba ta kai NPN girma ba amma ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna.

Wasu a masallaci suna ce min yanzu ai sai ka koma gida tunda 'yar Najeriya ce aka ba shugabancin Conservative. Kemi Badenoch ɗin da aka zaɓa a Nuwamban 2024, ko wata biyu ba ta yi ba ta fito a hira da wata mujalla tana cewa ita Bayarabiya ce babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Najeriya, tana jingina mu da Boko Haram, mu da muka binne 'yan uwanmu saboda Boko Haram, mu da aka kashe mana mutane a masallacin Juma'a na gidan Sarki a 2014. Ɗiyata ce ta karanta min a waya muna cin tuwo, ta ɗago kai ta ce Baba waɗannan ne ka raba wa takardu a cikin ruwa? Ban ba ta amsa ba. Sayeeda Warsi ma da ta taɓa shugabantar jam'iyyar, Musulma ta farko da ta zauna a majalisar ministoci, ta daɗe tana kuka a kan yadda ake yi wa Musulmi a ciki, ƙarshe a 2024 ta janye daga sahunsu a majalisar dattawa. In wadda take cikin ɗaki ta fito, ni da nake bakin ƙofa me zan koma yi.

Abin da nake nema a wurinku ba shi da yawa. In za ku sake yin shiri a kan siyasar ƙasar nan ku nemo wanda ya taɓa tsayawa a layi ya jefa ƙuri'a a nan, akwai direbobin tasi da nas nas da masu shago Hausawa a Manchester da Birmingham da Landan, 'yan Najeriya da 'yan Gana da suke zaune bisa ƙa'ida suna da damar zaɓe a matsayin 'yan ƙungiyar Commonwealth, da yawa ma ba su sani ba, wannan kaɗai ya isa shiri guda. Kuma mai gabatarwa ya riƙa tambaya don Allah, aikinsa ke nan.

Sannan wani abu da na daɗe ina son faɗa, saƙon murya da muke turowa ta WhatsApp. Sau huɗu ina turawa tun azumi ba a taɓa sa ko ɗaya ba, amma kullum mutum biyar ɗin nan dai su ne, har na haddace gaisuwarsu, mutum ya cinye minti biyu yana gaida surukansa da abokan kasuwarsa kafin ya taɓa batun da ake yi. Ga kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin labarai ya yi ƙara, tsofaffi ba sa jin abin da ake faɗa, surukata da ta zo mana ziyara sai da ta ce in kashe in gaya mata da bakina. Ku rage shi.

Ku isar wa baƙonku da wannan wasiƙa in da hali, kuma in ya dawo ku karanta masa ita a iska ya amsa.

Naku mai sauraro kullum,
wani mai shago daga Ingila