A Ceci Gwaggon Birin Kuros Riba

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan gwaggon biri, dabbar da yawancinmu muka fi tunawa da ita saboda labarin 2019, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa ya haɗiye kuɗi a gidan zoo na Kano, har gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce ai babu gwaggon biri a gidan. An yi dariya an watse, amma kaɗan ne suka san cewa ƙasar nan tana da nata na daji, kuma yana dab da ƙarewa.

A dazuzzukan tsaunukan da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, irin su tsaunin Afi, da tsaunukan Mbe, da yankin Okwangwo na gandun dajin Kuros Riba da aka kafa a 1991, da Takamanda a ɓangaren Kamaru, akwai wani jinsi na gwaggon biri da ba a samunsa a wani wuri a duniya. Waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa da ɓawon bishiya ne abincinsu, kuma kullum da yamma kowanne yakan shimfiɗa sabon makwanci da rassa.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin haihuwarsu. Mace takan ɗauki ciki wata takwas da rabi, ta haifi ɗa guda, sannan sai bayan kimanin shekara huɗu ta sake. Saboda haka tarkon waya guda da mafarauci ya ɗana wa gada, idan ya kama mace ɗaya, ɓarnar takan ɗauki shekaru ba a mayar da gurbinta ba. Ga kuma masu sare katako da masu faɗaɗa gonakin koko suna yanyanka dajin, suna raba garke da garke.

Duk da haka, a 2020 kyamarorin da aka ɗaura a tsaunukan Mbe sun ɗauko hoton garke ɗauke da jarirai, a dajin da ƙauyuka tara suka haɗa kai suke gadinsa. Ina kira ga gwamnatin tarayya da ta jihar Kuros Riba da su ƙara yawan masu gadin daji, su biya su a kan kari, su kuma hana sare dazuzzukan da suka haɗa Afi da Mbe da Okwangwo.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano